Yaro Mai Raunin Fahimta: Wa Ke Biyan Kuɗin Kula Da Shi?

 Yau ina so mu duba wata magana wadda ba a cika kawo ta gaban jama'a ba, ko da yake da wuya a sami unguwar da ba ta shafa ba.

A ajin da nake koyarwa a nan Baure akwai wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai, amma da ƙyar mako yakan fita ba ta yi fashin kwana biyu ba. Da abin ya dame ni, sai na yi tattaki har gidansu ran wata Asabar. Na tarar da ita zaune a tsakar gida tana ba ƙanenta fura da ludayi. Yaron ya kai shekara takwas, amma bai iya ci da kansa ba, ba ya faɗa in zai kewaya, in kuwa aka bar ƙofar zaure a buɗe sai dai a tsinto shi bakin titi. Uwar tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk ranar da za ta yi suya ba ta yarda ya matso kusa da wuta, saboda haka dole yayarsa ta zauna ta tsare shi. Na fara yi mata bayanin amfanin karatun 'ya mace, ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta tambaye ni wanda za ta bar wa yaron. Na rasa abin da zan ce mata. Tun daga ranar nake ta juya wannan al'amari a zuciyata.

Da farko dai ya kamata mu bambanta abu biyu da mutanenmu sukan haɗa. Taɓin hankali ciwo ne da kan sami mutum, galibi bayan ya girma, kuma da yawa sukan sami sauƙi in an yi magani. Raunin fahimta kuwa wani abu ne dabam. Ana haihuwar yaro da shi, ko ya same shi tun yana ƙarami, sai ya zama koyon magana da lissafi da kula da kai suna yi masa wuya fiye da tsaransa. Shi ne wanda akan kira dolo ko gaula, wasu su ce galahanga, wasu ma har su ce ɗan ruwa ne, ba mutum ba. Allah ya kiyashe mu da irin wannan magana. Ba allurar da ke warkar da shi, amma horo da haƙuri suna kai shi nesa. Daga cikin abubuwan da ke kawo shi akwai doguwar naƙuda, da shawarar jarirai in ta yi tsanani ba a kai asibiti ba, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, da tamowa, da rashin sinadarin aidin a jikin mai ciki, wanda saboda shi ne aka wajabta sa shi cikin gishiri a Nijeriya tun 1993. Kuna tune kuma da gubar dalma ta Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400, ta bar waɗansu da ƙwaƙwalwa a taɓe.

To, su nawa ne? Masana sun ƙiyasta cewa a duniya wajen mutum 1 cikin kowane 100 yana da wannan lalura, kuma a ƙasashe matalauta abin ya fi haka. A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Baure sun kusa 200,000. In muka bi wannan ƙiyasi, ke nan tun a wancan lokaci akwai wajen mutum 2,000 a ƙasar Baure kaɗai, balle a haɗa da Daura da Zango da Mai'aduwa da Sandamu. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo gare shi.

Duk lokacin da aka tayar da zancen a wurin suna ko biki, abin da mata sukan ce shi ne, gwamnati ta gina musu gida ta kwashe su, iyaye su huta. Ni ma da haka nake gani. A Jihar Katsina akwai makarantar kurame a Malumfashi, akwai ta makafi a birnin Katsina, a Kano kuma akwai gidan Torrey a Tudun Maliki wanda aka yi domin yara masu raunin fahimta. Me zai hana a yi mana irinsa a ƙasar Daura? Amma da na ɗauki alli na yi lissafi, sai jikina ya yi sanyi.

Ga lissafin, nawa ne na kaina, kowace 'yar aji shida za ta iya bin sa. A ce an gina gida mai ɗaukar yara 30. Irin waɗannan yara ba a barin su su kaɗai dare ko rana, kuma mace ɗaya ba za ta iya kula da fiye da biyar ba in ana son a yi musu wanka, a ciyar da su, a koya musu wani abu. Watau ana bukatar masu reno shida a kowane lokaci. Ba mai yin aikin awa 24, saboda haka sai an yi kamu uku, masu reno 18 ke nan. Mafi ƙanƙantar albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Albashinsu kaɗai ya kama naira 1,260,000 a wata, watau naira 42,000 a kan kowane yaro. Ba a sa abinci ba, ba a sa magani da sabulu da katifa ba, ba a sa mai dafuwa da mai gadi da nas da mota ba, balle ginin kansa. In kuwa aka ce za a kwashe duka 2,000 ɗin nan, albashin masu reno kawai zai kai naira miliyan 84 a wata, fiye da biliyan ɗaya a shekara, a ƙaramar hukuma guda. Kowa ya san ba za a yi ba. Abin da zai faru shi ne a gina gida ɗaya, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, a karɓi yara 30, sauran 1,970 su ci gaba da zama inda suke, a hannun uwayensu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, watau a gina gidan amma a ƙi kashe masa abin da yake bukata. Inda ya kamata a sa masu reno shida sai a sa ɗaya, ita kuwa ɗayar ba ta da dabarar da ta wuce ta kulle ƙofa. Daga kulle sai ɗauri. Mu mutanen ƙasar Daura ba sai an ba mu labari ba. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Sabon Garin Daura, suka fito da mutum 67, da yawa da mari a ƙafa, cikinsu har da yara ƙanana. Makonni kaɗan kafin wannan an fasa irinsa a Rigasa ta Kaduna, bayansa kuma aka fasa wani a birnin Katsina. Gaskiya ne galibin waɗanda ake kaiwa irin waɗannan wurare kangararru ne da masu shaye-shaye, amma a watan Nuwamban wannan shekara ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28 a Nijeriya, na gwamnati da na gargajiya da na addini, ta nuna yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, iyaye ne da kansu suke kai 'ya'yansu, galibi kuma da kuɗinsu. Ba na zagin su. Uwar da ta yi shekara goma ba ta yi barcin kirki ba, in aka ce mata ga inda za a riƙe mata yaro, za ta sayar da akuyarta ta kai shi.

Kada ku ɗauka talaucinmu ne kaɗai ke jawo haka. A Amurka akwai wata makarantar kwana mai suna Willowbrook a birnin New York, wadda aka gina domin mutum 4,000, amma kafin 1965 an cusa mata 6,000. Sai da wani ɗan jarida ya shiga da kyamara a 1972 duniya ta ga yara tsirara cikin ƙazanta, ba a kuwa rufe ta ba sai 1987. A Ingila kuma, a 2011, gidan talabijin na BBC ya tona asirin wani asibitin kwana mai suna Winterbourne View kusa da Bristol, inda ma'aikata suke duka da wulaƙanta masu raunin fahimta. Nawa gwamnati take biya a can? Wajen fam 3,500 a kan kowane mutum a mako guda. An kashe dukiya, amma ba ta sayi tausayi ba, domin wurin a rufe yake, idon dangi ba ya kai.

Saboda irin waɗannan abubuwa ne ƙasashe da yawa suka juya ga abin da ake kira kulawa a cikin jama'a. Ma'anarsa, a bar mutum a gidansu ko kusa da gidansu, a kawo masa taimakon inda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara yaɗa wannan tsari bayan taron Alma Ata na 1978, musamman domin ƙasashen da ba su da kuɗin gine-gine. Mu ma a Nijeriya muna da abin tunƙaho a nan, domin tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta. Kowane majinyaci yakan zo da ɗan uwansa, a biya masu gida kuɗin haya, da rana a je asibiti, da dare a kwana cikin mutane. Likitoci daga ƙasashe dabam-dabam sun yi ta zuwa ganin wannan dabara.

Amma fa a nan ne nake so mu buɗe ido sosai, 'yan uwa. Wannan magana ta kulawa a cikin jama'a tana da daɗi a bakin masu mulki, domin suna jin ta kamar an ce musu ba sai sun kashe ko kwabo ba. Ku ji abin da ya faru a Afirka ta Kudu. A 2015 gwamnatin lardin Gauteng ta yanke shawarar soke kwangilarta da gidajen jinya na Life Esidimeni don ta rage kashe kuɗi. A can tana biyan rand 320 a kan kowane majinyaci a yini. Sai a 2016 aka kwashe mutum fiye da 1,500, da yawansu masu raunin fahimta, aka rarraba galibinsu ga ƙananan ƙungiyoyi da za a riƙa biya rand 112, waɗansu ko lasisin kirki ba su da shi. Mutum 144 suka mutu, da yawa saboda yunwa da ƙishirwa da sanyi da rashin kula. A 2018 tsohon alƙali Dikgang Moseneke ya umarci gwamnati ta biya kowane iyali rand miliyan 1.2. Arahar da aka nema ta ƙare da tsada, ga kuma rayuka. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 28 na Turai a 2007 shi ma ya nuna cewa kulawa a cikin jama'a ta fi kyautata rayuwar mutum, amma in lalurarsa mai tsanani ce kada a sa ran lalle za ta fi araha.

Mu komo gida. Mu nan ai kulawa a cikin jama'a muke yi tun kaka da kakanni, sai dai ba a taɓa rubuta kuɗinta a kasafin kowace hukuma ba, shi ya sa ake ganin kamar kyauta ce. Ba kyauta ba ce. Uwa ce take biya da sana'arta, domin wadda take iya suya sau huɗu a mako ta koma sau biyu. Tana biya da kuɗin sabulu da omo, tun da shimfiɗa kullum a jiƙe take. In yaron yana da farfaɗiya, kamar yadda da yawansu suke da ita, akwai maganin da ba a fashinsa ko na kwana ɗaya, ga kuɗin mota zuwa Daura ko Katsina, ko a bi ta Ɓaɓura a nufi Kano, kuma mutum biyu ne za su tafi, wani lokaci uku, domin yaron ba ya zama wuri ɗaya. Kun dai san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kafin a kai ga asibitin ma, an riga an zubar da abin da aka zubar wajen masu hayaƙi da masu cire iska. Wata kuma da aurenta take biya, don akwai mazan da in an haifa musu irin wannan yaro sai su ce daga dangin matar ne, su miƙa mata takarda, ta koma gidan tsohonta da yaro a baya.

Mai biya ta biyu ita ce yayarsa, kuma ita ce ba a gani. Ba na tuna na taɓa ganin an hana ɗa namiji zuwa makaranta don ya tsare ƙanensa. Kullum 'ya mace ce. Fashin kwana biyu a mako, in aka tara, ya kai kashi 40 cikin 100 na karatun shekara. Yarinyar da ta rasa wannan ba za ta ci jarrabawa ba, daga nan sai a ce ba ta da kai, a yi mata aure. Ke nan lalurar yaro ɗaya ta cinye ilmin yara biyu.

To, da za a biya wannan aiki, nawa zai ci? Mu sake ɗaukar alli. A ce an horar da mace ɗaya, an ba ta gidaje 30 tana zagayawa, tana nuna wa uwa yadda za ta koya wa yaro riƙe cokali da sa riga da faɗin zai kewaya, tana duba ko ana shan magani. Albashinta naira 70,000. A ce kuma an ba kowace uwa naira 10,000 a wata, ta sayi magani da sabulu, ko ta biya wata dattijuwar maƙwabciya ta riƙe mata yaron da safe. Naira 300,000 ke nan. Jimla 370,000 a kan yara 30, bai kai sulusin albashin masu renon gidan kwana ba, yaron kuma yana kwana kusa da uwarsa. Wannan ba mafarki ba ne, domin Afirka ta Kudun nan da muka ambata tana ba mai renon yaro mai tsananin naƙasa kuɗi kowane wata, wanda a 2024 ya haura rand 2,000. Ba na cewa gidan kwana ba shi da amfani ko kaɗan. Akwai maraya wanda ba shi da kowa, akwai wanda lalurarsa ta fi ƙarfin gida, akwai kuma uwar da take bukatar a karɓe mata yaro na mako biyu lokacin da ta haihu. Ƙaramin gida mai buɗaɗɗiyar ƙofa, wanda dangi suke shiga duk lokacin da suka so, zai yi wa waɗannan. Amma galibin yaran lalurarsu mai sauƙi ce. In an hore su suna iya kiwo, da ɗiban ruwa, da ɓarar gyaɗa, da saƙa, har su ci da kansu.

Abin mamaki, doka tana bayanmu, mu ne ba mu sani ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce ilmi kyauta ne ga naƙasasshe har zuwa sakandare. Ta ce kowace makarantar gwamnati ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin su. Ta kuma ce mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da naƙasassu, a watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Har ila yau, a tsarin rabon da aka daɗe ana bi na kuɗin hukumar UBEC, naira 2 cikin kowace 100 ta ilmin yara masu bukata ta musamman ce. Wurin koyon aikin ma akwai shi, domin tun 1977 aka kafa kwalejin horar da malaman naƙasassu a Oyo, ga kuma sashen ilmi na musamman a Jami'ar Bayero, kusa da mu. Sai dai takarda ba ta ba yaro fura. Ni kaina, in faɗi gaskiya, da aka kawo mini irin wannan yaro aji sai na zaunar da shi can baya na ba shi allo ya yi ta zane, don ban san abin da zan yi da shi ba, ga yara cike da aji suna jirana.

Akwai kuma kuɗin da yake cikin gidajenmu, ba sai an je Abuja ba. Addini bai hana mai raunin fahimta gado ba. Ya ce a naɗa masa waliyyi ya tsare masa dukiyarsa, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta. Amma sau nawa muka ga an raba gona, 'yan uwa maza sun haɗe rabonsa da sunan za su riƙe shi, sa'an nan riƙon ya faɗo kan uwa ko wata 'yar uwa mace wadda ko dami ɗaya ba a kawo mata? Matar da take riƙon irin wannan maraya tana da damar ta je gaban alƙali ta nemi a fitar masa da ci da sha daga rabonsa. Haka nan masu fitar da zakkar hatsi da kaka, su tuna da gidajen nan, don masu su ba sa fitowa bara.

Matakin farko ba ya bukatar kwangila. Muna da hakimai da dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san kowane gida, muna da ungozomomi da matan da suke zagayen rigakafi. In aka sa su, cikin wata guda za a rubuta sunan kowane yaro mai wannan lalura a ƙasar Baure, domin wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi masa kasafi. Ku iyaye mata, kada kunya ta sa ku ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki in an zo tambaya. Masu zuwa taron iyaye da malamai kuma, ku tambayi hedimasta wane malami ne aka horar domin irin waɗannan yara kamar yadda doka ta ce, in babu a rubuta wa sakataren ilmi. Ku kuma 'yan mata da ake hana ku aji saboda reno, ku faɗa wa malamarku dalili, kada ku yi shiru a ɗauka wasa kuke yi.

Ita dai ɗalibar tawa mun yi wata 'yar dabara. Uwarta ta mayar da suyarta Asabar da Lahadi da yammacin Alhamis, wata tsohuwa a gidan da ke kallon nasu kuma ta yarda ta riƙa zama da yaron safiya biyu a mako, ana ba ta kwalbar mai da ƙuli-ƙuli. Wannan zangon sau uku kawai yarinyar ta yi fashi. Sai dai tsohuwar ta haura shekara 70, yaron kuwa kullum ƙarfi yake ƙarawa, kuma uwar tana da ciki wata bakwai.